Ranar da Na Wanke wa Ɗana Sauti

Gubaira, kafin asuba

Mun bar gida ladanin unguwarmu bai ko yi gyaran murya ba. Na san haka domin ni na ɗaura masa lasifikarsa, in ya yi tari a cikin masallaci har bakin titi ake jin sa. Ranar Asabar ce, a shekarar da aka ba mata izinin tuƙa mota a ƙasar nan. Ku 'yan uwa na Gusau da kuke cewa ban taɓa ba ku labarin tafiya ba sai na aikin Hajji, to ga ɗaya. Ba ta da nisa, ko kilomita ɗari ba ta kai ba, amma ban taɓa yin tafiyar da na dawo da kaya mai nauyinta ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sani, Larabawa suna ce mini Abu Nasir. Fiye da shekara talatin ina Riyad. Sana'ata ɗaura lasifika a masallatai da gyaran amfilifaya, ina da ɗan shago a Baɗha da sunan kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma kunnena ya yi karatu. In waya ta saki a kan hasumiya, daga ƙasa nake jin ta. Abokin gabana ɗaya ne a duniya: datti a cikin sauti, wato wannan gurnani da ƙara da ke shiga muryar liman har mamu su kasa gane aya.

Nasiru shi ne babban ɗana. A nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, Yuba yake ce mini kamar 'ya'yan garin. Ganga yake bugawa irin ta Turawa. Yana ɗan shekara sha biyar na kwashi gangunansa na farko na kai kasuwar gwanjo ban tambaye shi ba. Bai yi mini rashin kunya ba. Abin da ya yi kawai, daga ranar bai sake roƙona komai ba, ko rancen allura.

Sai ran Alhamis ya zo ya zauna kusa da ni a kan darduma. Ya ce shi da abokansa suna da ƙungiyar kiɗa, kiɗan ana ce masa metal, nasu ma wani reshe ne mai wuyar lissafi. Yanzu da aka buɗe ƙofar wasanni a fili, akwai wani mai shirya babban dandali a cikin gari, Ustaz Majid, zai zo ya saurare su ran Asabar a wata istiraha, wato gidan hutu, da ke hanyar Sumama. In ya ji sun yi masa, zai sa su. Waƙa ɗaya za su yi, shekara biyu suna gininta. Bamisiren da ke riƙe musu sauti iƙamarsa, wato takardar zama a ƙasa, ta ƙare, ya tafi gida.

"Yuba, kai ka san sauti," in ji shi, yana kallon yatsunsa. "Za ka riƙe mana?"

Na ce to tun bai rufe baki ba.

Da asubar Asabar ɗin uwarsa, Hajiya Balki, ta miƙo mini filas ɗin shayi a bakin ƙofa, ta rage murya. "Malam, abin da yaron ya ce ka yi za ka yi. Ba abin da ka sani ba."

"Ke kuma yaushe kika zama injiniya?"

"Tun ranar da na auri ɗaya."

Mamman Ɗan Maraɗi yana jiranmu a waje da dabbab ɗinsa, wato 'yar akori-kurar nan da ake ɗaukar kaya da ita. Tare muka sauka ƙasar nan da shi muna samari, don haka ba ya raga mini. Muka matsu mu uku a gaba, ya tayar.

Baɗha

Muka yi sallar asuba a masallacin bayan shagona, sannan na ɗaga ƙofa. Nasiru ya nuna abin da yake so: teburin haɗa sauti, manyan akwatunan lasifika biyu, makirfo shida, wayoyi. Shi ke nan.

Ni kuwa idona yana kan wasu lasifikokin hasumiya guda huɗu, masu baki kamar kakaki, waɗanda na ciro daga wani masallacin da aka rushe. Na fara jan su waje.

"La, Yuba. Wannan ba mu so."

"Ba sa cin abinci. A tafi da su ko da za a buƙata."

Na kuma ɗauko akwatin eko na cusa a ƙarƙashin kujera. Ku da ke gida ku sani, a ƙasar nan liman babu eko kamar shayi ne babu sukari. In ya ce amin, so ake ta dawo sau uku tana raguwa. Da wannan akwati na rufa wa limamai da yawa asiri, masu mura da masu gajeren numfashi.

Muka karya da tamis da ful, wato burodi da wake, a wurin wani Ba'afgane, riyal biyar ya ishe mu mu uku. Mamman yana tsoma burodi yana tambaya.

"Wai Nasiru, kiɗan nan naku na biki ne ko na suna?"

"Na saurare ne, Baba Mamman."

"Ana rawa?"

"Ana kaɗa kai."

"Ana liƙi?"

"A'a."

Mamman ya dube ni. "Injiniya, ka ji sana'a. A yi ta kaɗa kai a tashi."

Malaz

Rana ta fito muna Malaz, ƙofar wani dogon gida inda suke ajiye kaya a ɗakin ƙasa. Nan na ga sauran. Mawaƙinsu Fahad ne, ɗan ƙasa, siriri kamar sillen kara, a kantin magani yake aiki. Ya zo ya sumbaci goshina, ya ce "Ya ammi," wato baffa, "ka karrama mu da zuwanka," da wata murya ƙasa-ƙasa har sai da na matso da kunne. Na ce a raina, wannan ko eko biyu aka sa masa da ƙyar sahun baya zai ji. Mai jita kuma Rami ne, Basiriye, mai gashi har kafaɗa da tsohon takalmi wanda yatsa ke leƙowa. Ku riƙe zancen takalmin nan, shi ya fara ɓatar da ni. Akwai na huɗunsu mai wata jita mai kaurin murya, shi ban ji ya ce uffan ba har muka rabu.

Aka fara fito da gangunan Nasiru. Na daina ƙirga. Manyan na ƙasa, waɗanda ake bugawa da ƙafa, guda biyu ne.

"Ɗaya safaya ce?" in ji Mamman.

"Ƙafa biyu gare ni, Baba Mamman."

"Allah ya so ba gizo-gizo ba ne kai, da sai an kira tirela."

Rami ya fito da wani allo rungume a ƙirji kamar jariri. A kansa an jera wasu ƙananan akwatunan ƙarfe kamar gwangwanin kifi, fenti duk ya goge, wani ma an ɗaure shi da salatif. Ya ce da ƙafa yake taka su in yana kiɗa. Bai yarda a sa allon a baya ba, sai a cinyarsa a motar Fahad. Na dubi allon, na dubi takalmin, tausayi ya kama ni.

Shingen hanyar Sumama

Da muka fita gari gine-gine suka ƙare, sai rairayi ja da garken raƙuma jefi-jefi. Dabbab tana nishi, motar Fahad na bin mu a baya. Can muka iske shingen 'yan sanda. Wani saurayin ɗan sanda ya karɓi iƙamarmu, ya zagaya baya, ya ga lasifikokin hasumiya.

"Masallaci za ku?"

Kafin in buɗe baki ya ɗaga tamfol ya ga ganguna.

"Ko biki?"

"Biki," in ji Mamman da sauri.

"Masha Allah. Ina angon?"

Mamman ya miƙa babban yatsa baya ba tare da ya waiwaya ba. Ɗan sandan ya tafi motar Fahad, ya sa ya sauke gilashi, ya kama hannunsa da hannu biyu yana yi masa addu'ar zuriya ɗayyiba. Muna hango Fahad yana amsawa da amin, kansa a sunkuye. Har nasiha aka yi masa a kan haƙuri da surukai. Da aka sallame mu Nasiru ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarsa kusa da kunnena haka na manta. Na ce a raina, yau sai na fitar wa yaron nan da sautin da bai taɓa ji ba.

Istiraha

Mun isa da hantsi. Istiraha gidan hutu ne da ake haya a bayan gari: katanga mai tsawo ta zagaye fili, da ɗan ciyawa, da tantin zama, da kwamin wanka wanda babu ruwa a ciki. A kusurwa akwai tankin ruwa a kan dogon ƙarfe. Bayan katanga kuwa garken raƙuman wani attajiri ne, muna jin warinsu.

Muka kafa kaya a bakin kwamin. Na ja wayoyi, na ɗaure kowace da kyau, na daidaita teburi. Nasiru ya ce a gwada.

Rami ya rataya jita, ya taka ɗaya daga cikin gwangwanayensa, ya kaɗa tsirkiya.

Ban san lokacin da na yi tsalle na fizge wayar wuta ba. Abin da ya fito daga akwatunan nan, in a masallaci ne, kwamiti zai zauna a kaina a daren. Kamar an sa injin markaɗe a cikin durom an zuba masa tsakuwa.

"Wani abu ya ƙone," na ce. "Kowa ya matsa."

Rami ya yi murmushi. "La ya ammi, haka ake so."

"Haka ake so?"

"Wallahi haka ake so."

Na dubi Nasiru, ya gyaɗa kai. Na mayar da wuta. Amma ku da kuka san tarbiyyar gidanmu kun san abin da na ji. Mutum mai kunya ba ya cewa kayansa sun lalace a gaban baƙo. In ka je gidan talaka ya kawo maka tuwo babu man shanu, cewa zai yi shi haka ya fi so. Yaro baƙo a ƙasar mutane, takalmi a huje, kayan aiki ɗaure da salatif, me zai ce in ba haka ake so ba? Kuma an koya mana in ka ga tsiraicin ɗan uwanka ka rufe shi ba tare da ya san ka gani ba.

Sai Fahad ya kama makirfo. Wannan yaro da ya gaishe ni kamar amarya ya buɗe baki, wani gurnani ya taso daga cikinsa wanda ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Mamman da ke shan shayi ya ajiye kofi ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Da ya gama na ja shi gefe, na haɗa masa zuma da citta da kanumfari daga jakata.

"Sha, ɗana. Kai mai kantin magani ne ka bar maƙogwaro ya kai haka?"

Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya yi godiya. Ladabinsa ya ƙara tabbatar mini da cewa ciwo ne.

Na ukun shi ya fi taɓa ni. Nasiru ya hau ganguna. Hannu da ƙafa kamar walƙiya, ban san ɗana ya iya haka ba. Amma kiɗan ɗingishi yake. Ina bin sa da ƙafa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, in an zo inda ya kamata a cika takwas sai ya tsallake ya koma farko. Kullum bugu ɗaya ya ɓace. Na ce tsoro ne ya kama shi. Ladani mai gajeren numfashi ma haka yake yanke kalma, eko ke cike masa gurbin.

Bayan azahar aka kawo kabsa faranti biyu. Suka ci, suka shige tanti mai sanyi suka kwanta ƙailula. Ni na ce zan tsaya gadin kaya.

Na fito da sukundireba da ƙarfen dalma. Na buɗe gwangwanayen Rami ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ciki na same su da ciwo iri ɗaya: sauti yana shiga da tsabtarsa, ya fito a yayyage. Na gano wasu 'yan ƙwayoyi biyu-biyu da ke yanke masa kai, na cire su na zuba a gidan ashana, domin ni ba na yar da komai. Na murɗa 'yan kusoshin ciki, na liƙe da sabuwar dalma, na mayar da salatif yadda na same shi don kada ya ji kunya. Na haɗa akwatin eko da makirfon Fahad da na ganguna duka, na murɗa shi kamar na daren ashirin da bakwai ga azumi.

Sannan na tashi Mamman ya riƙe mini tsani. Na hau tankin ruwa na ɗaure lasifikokin hasumiya, gabas da yamma, kudu da arewa, yadda aka saba. Amfilifaya ba za ta iya ɗaukar su da akwatunan ƙasa gaba ɗaya ba, sai na rage wa na ƙasa na ba na sama.

"Injiniya, yaron ya ce ka yi wannan?"

"Riƙe tsani, Mamman."

Bayan la'asar

Mutane suka fara shigowa, samari kamar arba'in, kowa da baƙar riga. Wasu da farin tobe, doguwar rigar Larabawa, suka zo, a bakin ƙofa suka tuɓe suka ninke, baƙar rigar na ciki. Ustaz Majid ya zo daga baya, mutum mai ƙiba da tabarau, aka ba shi kujerar roba a tsakiya. Ya ce yana da wani wurin zuwa kafin magariba. Ba a sake gwaji ba, tunda an yi da safe.

Nasiru ya zo wurin teburina. "Yuba, kamar na safe. Kada ka taɓa komai."

"Ba abin da zan taɓa," na ce. Gaskiya na faɗa, na riga na gama.

Ya hau, ya haɗa sandunansa sau huɗu. Samarin nan suka buɗe ƙafafu, suka sunkuyar da kai, suna jiran abin da zai faɗo musu. Rami ya yi tsalle sama, gashinsa ya tashi, ya dira a kan gwangwani da dukkan ƙarfinsa, ya kaɗa.

Kilin.

Wani sauti ne siriri mai tsabta, kamar tsoho yana taɓa gurmi a gindin bishiya bayan ya ƙoshi. Kilin, kilin, kilin. Kawunan da aka sunkuyar suka tsaya a inda suke. Rami ya taka na biyu. Kilin. Ya taka na uku, ya sake takawa, ya yi ta takawa kamar mai kashe kunama.

Fahad bai san abin da ake ciki ba, idonsa a rufe. Ya cika ƙirji ya saki gurnani. A ƙasa kusan ba a ji komai ba. Amma daga saman tanki muryar ta fita kusurwa huɗu na duniya, ta daki katanga, ta faɗa kwamin wanka, ta dawo sau uku tana raguwa. Kowa ya ɗaga kai sama yana neman inda mawaƙin yake, alhali ga shi a gabansu.

Sai aka amsa masa daga bayan katanga. Wani amalen raƙumi ne. Fahad ya yi baiti, raƙumi ya yi baiti. Fahad ya ja, raƙumi ya fi shi ja. Can sai garken gaba ɗaya ya ɗauka. Wani yaro a gaba ya fara kaɗa kai a kan na raƙumin, don shi ne kaɗai ake ji da ƙarfi.

Ni ina kallon Nasiru. Duk bugun da ya yi sai ya dawo masa daga sama a makare, ya haɗu da na bayansa. Gurbin da nake cewa ɗingishi ne ya cika taf, har ya yi ambaliya. Na ga leɓensa yana motsi yana ƙirga, na ga ya rufe ido, na ga gumi. Ya riƙe abin kamar minti uku, shi kaɗai, yana faɗa da gangunan da ba shi ke buga su ba. Sannan hannun dama ya tafi gabas, ƙafa ta tafi yamma. Ya tsaya. Bugunsa na ƙarshe ya ci gaba da yawo a sama babu shi.

Ya dube ni. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, murmushi na yi masa na ɗaga hannu. A kunnena sauti bai taɓa fita tas kamar na ranar ba.

Rami ya durƙusa ya ɓare salatif, ya buɗe gwangwani. Sabuwar dalmata tana ƙyalli a rana. Ya ɗago a hankali.

Na ga asiri ya riga ya tonu, sai na matso don in sauƙaƙa masa. "Kada ka ji kunya, ɗana. Kowa da ranar da babu ta same shi. Ni na gyara maka, kuma ko sisi ba zan karɓa ba."

Rami ya nuna mini gwangwanin. Ya ce, "Ya ammi, wata shida na yi ina jiran wannan daga ƙasar waje. Don ya ɓata sauti ake sayensa."

"A sayi abu don ya ɓata?"

"Shi ne aikinsa."

A daidai nan aka buga ƙofa. Makiyayin raƙuman ne, wani Basudane da rawani a karkace. Ya yi sallama, ya ce amalensu ya tsinke igiya yana dukan katanga da ƙirji, don Allah a fito da raƙumin da ke ciki ko a rufe masa baki. Aka nuna masa Fahad. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce masha Allah, ya fita.

Ustaz Majid ya tashi ya kakkaɓe tobensa. Nasiru ya bi shi har mota yana roƙon rabin awa a mayar da komai. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce dandali ba ya son tsautsayi, Allah ya ba su lafiya. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba aka kira magariba.

Ni na ja sallar, don ni ne babba. Ban taɓa jin nauyin sahu a bayana kamar ranar ba.

Komowa

Muka kwance kaya. Da na hau tanki kwance lasifikoki, Nasiru ne ya riƙe mini tsani, amma ƙasa yake kallo. Da za mu tashi bai shigo gaba ba, ya hau baya ya zauna tsakanin gangunansa. Har allon Rami aka jefa a bayan, shi da ake rungumewa.

Muka kama hanya har muka kai shinge. Ɗan sandan nan ne dai, bai tashi aiki ba. Ya haska mu ya gane mu.

"Har an watse? Yaya biki?"

"An fasa," in ji Mamman.

"La haula. Daga wane ɓangare?"

Mamman ya dube ni. Na ce, "Uban ne ya ɓata."

Ɗan sandan ya girgiza kai. "Kullum iyaye." Ya miƙo mana iƙama.

Baɗha kuma, sannan gida

Muka sauke kaya a shago. Na ce su wuce, ni a nan zan kwana. Nasiru bai tambaye ni dalili ba.

Da gari ya waye na shimfiɗa gwangwanayen a kan teburi, na zazzage gidan ashana. Mayar da ƙwayoyin bai ba ni wuya ba. Kusoshin ciki ne suka tsayar da ni. Na san inda tsabta take, kunnena yana kai ni can ko ina barci. Amma datti, nawa ne daidai? Ban taɓa auna shi ba, korarsa kawai na iya. Na zauna da sukundireba a hannu kamar wanda aka ba alƙalami a yaren da bai sani ba.

Wajen hantsi inuwa ta rufe ƙofa. Nasiru ne, da filas a hannu.

"Ummi ta ce a kawo maka."

Ya ajiye zai juya. Na ce, "Nasiru, ban san iyakarsa ba. Zo ka faɗa mini."

Ya waiwayo. Sannan ya shigo, ya ɗauki jitar Rami da ta biyo kayanmu, ya haɗa, ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Na murɗa kusa kaɗan. Wani ɗan gurnani ya shigo.

"Ƙara," in ji shi.

Na ƙara.

"Ƙara, Yuba."

Na ƙara har haƙorana suka fara kaɗawa. Bangalin da ke shagon aika kuɗi kusa da ni ya leƙo ya ce, "Abu Nasir, in kira 'yan kwana-kwana?" Na ce ya koma, aiki muke.

"Ƙara kaɗan. Bas. Nan ne."

Na cire hannu. Abu mafi muni da ya taɓa fita daga shagona, kuma ɗana yana tsaye ya rufe ido yana saurare kamar mai jin ruwan sama na farko.

Da muka gama na ukun na ce masa, "Bugun nan da kake tsallakewa fa?"

"Ba tsallakewa nake ba. Bakwai ne. Babu na takwas."

Ya buga mini a kan teburi da yatsu, a hankali. Na bi shi. Sau uku ƙafata tana faɗawa ramin na takwas, yana cewa a sake. A na huɗu na tsaya inda ya tsaya. Sai ya zuba mini shayi.

Mun isa Gubaira ana kiran azahar, a motar haya, riyal biyu-biyu. Hajiya Balki ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dube shi, ta ga tare muka shigo. Abin da ta ce kawai, "Injiniya, abinci ya huce."

Ustaz Majid bai sake kira ba. An yi babban dandalin a cikin gari, wasu suka hau, Nasiru ya kalla daga cikin taro. Wannan ban iya mayar masa ba, kuma ba ni da dalmar da za ta liƙe shi. Sun sami wani yaro Bafilipine yana riƙe musu sauti yanzu. Ni an hana ni zuwa kusa da teburi, amma duk ranar da za su yi wasa Nasiru yakan tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Yuba, za ka naɗe mana wayoyi?" Nakan ce to tun bai rufe baki ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Mamman da ya riƙe tsani, da Rami da ya yafe, da Fahad wanda har yau in mun haɗu sai ya karɓi zumata da hannu biyu ya shanye. Ku kuma na gida, in kun ji yaro ya ce muku haka ake so, ku ajiye sukundireba ku fara tambayarsa.